Aikin hannu a ƙananan azuzuwan firamare

Aikin hannu, a bakin malamai da 'yan makaranta, shi ne darasin da yaro ke yin wani abu da kansa: ya yi zane, ya shafa launi, ya yanka takarda ya liƙa, ya mulmula yumɓu, ya saƙa kaba, ko ya harhaɗa kara. A ƙananan azuzuwan firamare, wato aji ɗaya zuwa uku, inda yawancin yara ke tsakanin shekara 6 da 9, ba a yin darasin don a yaye magini ko masaƙi. Ana yin sa ne don yatsu su yi ƙwari, ido ya koyi lura, yaro kuma ya saba da ɗaukar abu daga farko ya kai shi ƙarshe. Saboda haka darajar aikin tana wajen yin sa, ba wajen kyan abin da aka miƙa wa malami ba.

Yadda ya shiga makaranta

Yara sun daɗe suna gina shanun laka da motar kara tun kafin a san aji da benci. Shigar da wannan wasa cikin jadawalin makaranta kuwa aikin ƙarni na 19 ne. Bajamushe Friedrich Froebel (1782–1852) ya buɗe wata cibiyar ƙananan yara a garin Bad Blankenburg a 1837, a 1840 kuma ya raɗa mata suna Kindagatin, ma'ana lambun yara. Ya tsara wa yara ƙwallayen ulu da 'yan katakai da ya kira kyaututtuka, sannan ya haɗa musu da ayyuka: naɗe takarda, saƙa da siraran takardu masu launi, huda kati da tsinke a bi ramukan da zare, ginin yumɓu, da soka tsinkaye cikin jiƙaƙƙen wake a tayar da siffofi. Yawancin abin da ake yi a azuzuwan yara a yau jikokin waɗannan ne.

Finlan ce ta fara sanya aikin hannu cikin dokar makarantun firamare, a 1866, bisa jagorancin Uno Cygnaeus. A Suwidin, Otto Salomon ya yi shekaru daga 1875 yana horar da malamai a Nääs kan sassaƙar katako, inda ake jera ayyuka daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kowane ɗaya kuma abin amfani ne a gida, kamar cokali ko akwati. Duk waɗannan tsare-tsare na bin umarni ne. Wanda ya juya lamarin shi ne Franz Cižek, da ya buɗe ajin zane na yara a Biyena a 1897, ya bar su su zana abin da ke ransu ba tare da kwafa ba. Tun daga lokacin ake ja-in-ja tsakanin masu cewa a koya wa yaro dabara da masu cewa a sakar masa mara, kuma malami nagari yakan ɗebi nan ya ɗebi can.

A Indiya, Mahatma Gandhi ya kai abin ƙololuwa a taron Wardha na 1937, inda ya nemi a gina dukan karatun yaro a kan sana'a guda, musamman kaɗin auduga da mazari, har lissafi da tarihi su fito daga cikinta. A Italiya kuma, makarantun yara na birnin Reggio Emilia, waɗanda Loris Malaguzzi ya jagoranta, sun ware ɗaki na musamman da malami na musamman don wannan aiki.

Hannu da ido

Riƙe fensir ba ƙaramin aiki ba ne ga ɗan shekara 6. Yana bukatar babban yatsa da manuni da na tsakiya su yi aiki tare, wuyan hannu ya natsu, ɗaya hannun kuma ya danne takarda. Murza yumɓu, yaga takarda ƙanana-ƙanana, zura zare cikin dutsen ado da buɗe almakashi duk waɗannan jijiyoyin suke motsawa. Shi ya sa ƙwararrun malaman aji ɗaya ba sa ɗaukar darasin a matsayin hutu daga rubutu. Share fagen rubutun ne.

Zanen yara yana da matakai da aka sani. Viktor Lowenfeld, wanda ya baro Ostiriya ya koyar a Amurka, ya fayyace su a 1947: daga shekara 2 zuwa 4 yaro na ƙyasta-ƙyasta ne kawai, daga 4 zuwa 7 siffofi na fara fitowa, mutum ya zama ƙaton kai da ƙafafu biyu a maƙale, daga 7 zuwa 9 yaro kan tsayar da salonsa na zana mutum da gida da bishiya, ya ja layin ƙasa a gindin takarda ya jera komai a kansa, sama kuma ta zama shuɗin layi can bisa. Shekarun ba ƙa'ida ba ce da ba ta motsi, domin yaron da bai taɓa riƙe abin rubutu ba kafin ya shiga aji ɗaya yakan fara daga baya, ya kuma cimma 'yan uwansa da sauri. Amfanin sanin matakan shi ne malami ya daina ganin kuskure inda babu shi. Yarinyar da ta zana mahaifiyarta ta fi gida tsawo ba ta jahilci awo ba, girman uwar a zuciyarta ta zana. Lowenfeld ya yi adawa sosai da littattafan da ake ba yaro hoto a zane ya cike da launi, yana ganin suna kashe masa ƙarfin gwiwar zana nasa.

Kayan aiki da ayyuka

Kayan kanti na wannan darasi suna da tarihinsu. William Harbutt ya ƙirƙiro Plasticine, yumɓun da ba ya bushewa, a Ingila a 1897, kamfanin Binney & Smith kuma ya fitar da kwalin alƙaluman shafa launi na Crayola mai launi takwas a 1903. Amma darasin bai dogara da kanti ba, kuma a ƙasar Hausa kayan a bakin ƙofa suke.

Yumɓu ne kan gaba. Ana haƙo shi a bakin rafi ko kududdufi, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a jiƙa ya kwana, sannan yara su cuɗa har ya daina kama hannu. Aikin farko shi ne ƙwallo: yaro ya mulmula, ya luma babban yatsa a tsakiya, ya riƙa matsa gefe yana juyawa har 'yar kasko ta fito. Na biyu shi ne murza yumɓu a kan benci ya yi tsawo kamar igiya, a naɗa shi zobe kan zobe, a shafe haɗin da jiƙaƙƙen yatsa. Da irin wannan gini na hannu Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta koyi tukwane tun tana yarinya a wajen wata 'yar uwar iyayenta, kafin ta shiga cibiyar koyar da tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew da ke Abuja ta da, Suleja ta yanzu, a 1954. Abin da yara suka gina a inuwa ake shanya shi. Rana takan busar da baya ta bar ciki da danshi, sai a wayi gari kasko ya tsage, mai shi kuma yana hawaye.

Bayan girbi sai kara. Ana ɓare ɓawon a yi sirara, a yayyanka totuwar, a riƙa soka wannan cikin wancan: ga mota, ga gado, ga tabarau, ga keji. Babu gam babu ƙusa, amma akwai awo, domin in ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo motar ba za ta tsaya ba. Ɓawon kara yana da kaifi kamar reza, don haka a aji ɗaya malami ne ke ɓarewa ya raba.

Tsohuwar jarida ma kaya ce. A yayyaga ta, a jiƙa kwana biyu ko uku, a kirɓa a turmi, a matse ruwan, a cuɗa da dafaffen sitaci, sannan a lulluɓe bayan kwano da aka shafa wa mai. In ta bushe sai ta ɓalle da siffar kwanon. Ƙaro da aka jiƙa yana liƙa takarda. Launi kuwa ana samun ja daga zoɓo ko karan dafi, rawaya daga kurkum, shuɗi daga bula, baƙi daga gawayi, fari daga farar ƙasa. Ranar da yaro ya fara zuba shuɗi cikin rawaya ya ga kore ya bayyana, ya koyi abin da bayani a allo ba zai ba shi ba. Sauran ayyukan sun haɗa da buga tambari da yankakkiyar kuɓewa ko ganye, liƙa ƙwayoyin hatsi a kwali, tufka igiya, da saƙa mafici ko ɗan faifai a aji uku, lokacin da yatsu suka ƙara ƙarfi.

A Najeriya

Makarantar gwamnati ta farko a Arewa, wadda Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, tana da sashen sana'o'i inda gwanayen gari ke koyar da dukanci da ƙira da makamantansu. A Kudu, mai zane Aina Onabolu ya yi ta fafutukar a sa zane a makarantun Legas, kuma ƙoƙarinsa na cikin abin da ya sa aka kawo malamin zane Kenneth Murray daga Ingila a 1927, wanda ya nace ɗalibai su zana rayuwar garinsu maimakon kwaikwayon Turai. A manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta fitar a 2007, an haɗa zane da aikin hannu da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo cikin darasi guda na al'adu da fasahar ƙirƙira.

Makarantar allo ma tana da nata rabon, ko da ba a kiransa darasi: feƙe alƙalami, dafa tawada da ƙaro, wanke allo, da zayyanar da ake yi wa allon mai sauka. Inda iyaye ba sa son a zana ko a gina abu mai rai, malamai kan karkata ga irin wannan zayyana, da dagi, da adon bangon gidajen Zariya da Kano, da zanen ƙwarya. Fage ne mai faɗi, kuma yana koyar da maimaita siffa da daidaita ɓangarori, waɗanda lissafi ne tsantsa.

Inda darasin ke lalacewa

Babbar cutarsa sananniya ce: ƙarshen zango ya zo, a ce kowa ya kawo aikin hannu, sai yara su sayo tsintsiya ko mafici a kasuwa, wani wuri ma a karɓi kuɗi a madadinsu, a rubuta maki. Yaron bai taɓa kaba ba, ya kuma koyi cewa maki abin saye ne. Ta biyu ta fi ɓoyuwa, ta kuma fi yawa a makarantu masu hali: malama ta yanka komai da daddare, yara su liƙa inda aka nuna musu, a rataye kifi arba'in iri ɗaya a bango don iyaye su gani. Akwai kuma yin darasin da baki, a rubuta ma'anar yumɓu a allo yara su kwafa ba tare da sun taɓa shi ba.

Cunkoso uzuri ne na gaskiya, amma yana da dabara. Ana raba yara rukuni-rukuni a ƙarƙashin bishiya, kowane rukuni da mai raba kaya da mai tattarawa, a ware mintunan ƙarshe don shara da wanke hannu. Almakashi mai dakusasshen baki ake ba su, ba reza ba, a kuma sa ido kan ƙwaya da dutsen ado, don ƙanana kan tura su hanci ko kunne. Bahagon yaro yana wahala da almakashin dama domin ƙarfen sama na rufe masa layin da yake bi. A ba shi lokaci, kada a tilasta masa sauya hannu.

Wajen dubawa, maimakon malami ya tambayi yaro mene ne wannan, gara ya ce masa ya ba shi labarin abin da ya yi, ya rubuta amsar da suna da kwanan wata a bayan takardar. Ana ajiye aikin kowane yaro cikin kwalin da aka naɗe biyu, a fito da na zangon farko a ajiye kusa da na zango na uku: mutumin da a watan Oktoba kai ne da ƙafafu, zuwa Yuni ya sami wuya da kafaɗu da yatsu biyar a kowane hannu.