Mene ne RUTF, abincin da masu agaji ke ba yara masu tamowa?

Duk inda yaƙi ko fari ya raba mutane da gonakinsu, ko a Yaman ne, ko Somaliya, ko Darfur, cikin kayan farko da ƙungiyoyin agaji ke saukewa daga mota akwai kwalaye cike da ƙananan ledoji. Abin da ke ciki shi ake kira RUTF. Taƙaitaccen suna ne na Turanci, ma'anarsa abincin jinya da ake ci yadda yake, ba dafawa, ba damawa. Plumpy'Nut da aka fi ji sunan samfurin kamfanin Nutriset ne na Faransa, wanda ya fara yin sa a 1996 tare da likitan yara André Briend.

Haɗinsa ba baƙo ba ne: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin madara, sukari, mai, da sinadaran bitamin da ma'adinai. A baki kamar tunkuza yake, mai zaƙi da maiƙo. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500. Kwali yana cin leda 150, kuma kusan abin da yaro ɗaya ke buƙata ke nan a jinyar mako shida zuwa takwas.

Sirrinsa rashin ruwa. Kafin zuwansa, wata madarar jinya mai suna F-100 ake ba yaro, ita kuwa sai an dama da ruwa mai tsabta, kuma cikin 'yan sa'o'i take lalacewa a zafi. Dole a kwantar da yaro asibiti makonni, uwa ta baro gona da sauran 'ya'ya, gado kuma ba ya isa. RUTF kusan ba shi da danshi, ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa a cikinsa, yana kai shekara biyu ba firji. Wannan ne ya mayar da jinya hannun uwa a gida. An gwada tsarin a Habasha da Malawi, amma a Nijar aka ga girmansa: a yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, akasari a yankin Maraɗi, mafi yawansu kuma ba su kwana asibiti ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Samar da Abinci ta Duniya (WFP) suka amince da tsarin a hukumance.

Ba kowane ramammen yaro ake ba shi ba. Na masu tamowa mai tsanani ne, daga wata 6 zuwa 59. Ana auna damtsen hagu da tef mai launi uku, daidai tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, daga nan sama kore. Idan aka matse tef ko aka bar shi sako-sako, milimita biyu kacal na iya hana yaro jinyar da ya cancanta. Sai a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In wurin ya lotsa bai dawo ba, kumburin tamowa ne, ko da tef ya nuna kore. Nan iyaye ke ruɗuwa, su ɗauki kumburi ƙiba.

Daga nan sai gwajin cin abinci, kuma a ganina shi ne matakin da bai kamata a yi gaggawa a kansa ba. A zaunar da uwa a wuri mai shiru, ta wanke hannu, ta ba yaron leda da ruwan sha a kusa, ma'aikaci yana kallo. In ya ci gwargwadon da ake so, gida za shi. In ya ƙi, ko yana amai ba tsayawa, ko zazzaɓi mai zafi, ko numfashi sama-sama, ko kumburin ya kai fuska, asibiti za a kwantar da shi a fara da wata madarar jinyar mai suna F-75. Ita mai sauƙi ce da gangan, domin jikin da ya daɗe cikin yunwa, in aka auka masa abinci mai ƙarfi lokaci ɗaya, gishirin jini yana rikicewa, zuciya ta gaza.

Wanda ya ci gwajin, da nauyinsa ake yanka masa rabo. Yaro mai kilo 7, alal misali, kusan leda uku yake ci a yini, kaɗan-kaɗan, bayan ya sha nono. Ana haɗa masa da maganin amoxicillin, saboda tamowa kan ɓoye alamun cuta. Uwa ta dawo da shi kowane mako a sake awo. Ana sallamarsa idan damtse ya kai 12.5 kuma kumburi ya ɓace mako biyu a jere.

Inda aiki ke lalacewa sananne ne. Na farko rabawa: gidan da yara biyar ke jin yunwa, da wuya uwa ta ba ɗaya ta hana huɗu, ba kuma abin zargi ba ne. Shi ya sa ƙungiyar da ta san aikinta ke haɗa jinyar da rabon hatsi ko kuɗi ga gidan, wasu kuma su ce a dawo da ledojin da aka shanye. Na biyu damawa cikin kunu ko ruwa a ajiye, wanda ke dawo da haɗarin da aka gudu tun farko. Akwai kuma mantawa da ruwan sha, alhali abin yana sa ƙishi sosai. Jaririn da bai kai wata shida ba ba a ba shi sam. Nono ne nasa. Sai karkatar da kaya zuwa kasuwa, da yankewar kaya idan hanya ta toshe ko kuɗin masu tallafi ya tsaya, yaro ya koma baya a tsakiyar jinya.

Ƙa'idojin Sphere da masu agaji ke bi sun sa ma'aunin da za a tuhumi kowace cibiya da shi: cikin yaran da suka fita daga shirin, waɗanda suka warke su wuce kashi 75 cikin ɗari, mace-mace ƙasa da kashi 10, waɗanda suka daina zuwa ƙasa da kashi 15. Idan adadin masu daina zuwa ya hau, abin da ake fara dubawa shi ne nisan cibiyar da ƙauyuka, da tsawon layin da uwa ke bi ranar awo.