Dan Allah ku daina zuba 'ya'yan kifi a sabon kwami

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifi, musamman sabbin shiga.

Jiya da yamma aka sake kirana, karo na uku kenan a watan nan kuma duk magana ɗaya ce. Wani dattijo ne da yayi ritaya ya ɗebi kuɗin sallamarsa ya gina kwami biyu a bayan gida, magini ya gama shafe ranar Laraba, Asabar ya cika ruwa, Lahadi ya zuba 'ya'yan tarwaɗa dubu biyu. Ko da na isa wallahi saman ruwan duk fararen ciki ne sun juye, waɗanda suka rage kuma sun tsaya a tsaye kai sama suna goga jiki a bango, fatarsu tayi fari-fari kamar an barbaɗa musu toka. Na tsoma hannu naji ruwan yana santsi kamar an jiƙa sabulu, na shafi bango farin gari ya biyo tafina. Sai yace min malam ko mai ƙyanƙyasa ne ya sayar min da marasa lafiya, ko kuwa hannu aka sa min? Nace Baba ba wanda ya sa maka hannu, siminti ne ya cinye su. Yayi shiru ya zauna akan bulo, ni kaina sai da jikina yayi sanyi don na san yadda ya tara kuɗin nan.

Toh jama'a har yaushe zamu riƙa maimaita wannan? Sabon siminti guba ne ga kifi. Duk wanda ya taɓa kwaɓa siminti ya san yadda yake cin hannu, ƙaton lebura ma sai ya ɗaura leda a ƙafa kafin ya shiga kwaɓi, amma kai ka ɗauko ɗan kifin da bai kai tsawon yatsanka ba ka jefa shi ciki, a ruwan zai kwana a ruwan zai yi numfashi. Haba! Ruwan da tarwaɗa take so a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, daga 6.5 ne zuwa 8.5, na sabon kwami kuwa yakan haura 10, kuma idan ya hau haka ko kashin da kifin yake yi a ruwan ƙara zama guba yake. Ba sai na zurfafa ba, ku dai yarda da ni, mun gani ba sau ɗaya ba.

Abinda yafi ɓata min rai shine amsar da ake bani kullum. Wai ai magini yace ya bushe. Magini gini ya sani, bushewar da yake nufi ita ce kwami ba zai yoyo ba, ba ruwansa da kifi. Wani kuma yace ai tarwaɗa ce, a baho take wuni a kasuwa bata mutu ba. Eh, babbar tarwaɗa mai kilo guda tana jure wuya tunda tana iya shaƙar iska daga sama, amma ɗan sati biyar ko shida fa? Wani ma cewa yayi ya riga ya bada kuɗin kifi, mai ƙyanƙyasa ya matsa masa yazo ya kwasa. To waye yace ka biya kafin kwaminka ya shirya? Sauri ya haifi nawa, gashi yanzu ba kifin ba kuɗin, sai ka sake saye kuma dole dai kayi jiran da ka ƙi yi tun farko.

Ba wai ina ganin laifin zumuɗinku bane, wallahi na fahimta. Mutum ya kashe kuɗi yana so yaga abu yana motsi a ruwa, yara suna ta tambaya Baba yaushe kifi zasu zo, ga lissafin wata huɗu zuwa shida a sayar ya riga ya zauna a kai. Amma sati uku ko huɗu kacal muke roƙo. Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi ma, musamman na ruwan gishiri, sukan bar shi sati huɗu zuwa shida ruwa yana zagayawa kafin su saka kifin farko, sannan su riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, su da kallo kawai suke yi, balle kai da jarinka ne gaba ɗaya a ciki.

Dan Allah dan Annabi kar ku zuba kifi a kwamin da ba'a jiƙa an wanke ba. Ko wa ya faɗa muku ba komai, da komai.

Ga yadda za'ayi a gurguje:

- Cika kwamin da ruwa taf, a barshi kwana 5 zuwa 7, a zubar, a goge bango da ƙasa da buroshi mai ƙarfi. Banda omo banda sabulu.
- A sake cikawa a maimaita, aƙalla sau uku, har santsi da farin garin nan su ɗauke.
- Masu saka kashin kaji a buhu don ruwa yayi kore, ba laifi, amma a cire buhun a canza ruwa kafin kifi.
- Gwada ruwan da takardar gwajin pH, ba tsada gareta ba, ko ka kira malamin gona na kusa da kai.
- Fara saka guda 10 ko 20 ka duba su kwana uku. In suna yawo suna cin abinci sai ka ɗauko sauran.
- Ruwan famfo a barshi ya kwana biyu saboda kulorin, maganin da ake saka masa. Sabon kwamin tamfol ma a jiƙa a wanke.
- Ranar zubawa da sassafe ko da yamma, a ɗora jarkar da aka kawo kifin a ciki akan ruwan kamar minti 20 zuwa 30 ana ɗan zuba mata ruwan kwamin, sannan a karkata su fita da kansu. Kar a juye su kamar ana zubar da wanke-wanke, kuma kar a basu abinci ranar.

Wanda kuma ya riga ya zuba yana karanta wannan, tashi yanzu ka duba su. In kaga suna tsayuwa kai sama ko suna goga jiki, kwashe su ka maida tankin roba ko manyan baho da ruwa mai kyau, ka tsaida abinci, kuma dan Allah kar ka ruga kemis ka siyo kafso ka farfasa a ruwa kamar yadda Baban jiya yayi kafin in iso, ba ciwo bane ke damunsu balle magani yayi aiki. Nashi da muka tsamo da rai basu kai ɗari uku ba, suna nan a tanki, kwaminsa kuma mun cika shi da ruwa jiya da daddare, sai sati mai zuwa zan koma mu zubar mu goge na farko.