Dokar Hays: Ƙa'idar da Ta Hana Hollywood Nuna Soyayyar Mace da Mace

Abin da ake kira Dokar Hays ba majalisar Amurka ce ta kafa shi ba, kuma babu alƙalin da ke ɗaure wanda ya karya shi. Kundin ƙa'idoji ne da manyan kamfanonin fim na Hollywood suka ɗora wa kansu a watan Maris na 1930. Sunan ya fito daga Will Hays, shugaban ƙungiyar kamfanonin, amma waɗanda suka rubuta kundin su ne Martin Quigley, mai buga mujallar harkar fim, da wani limamin Katolika mai suna Daniel Lord.

Tsoro ne ya kai su ga haka. A 1915 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci cewa fim kasuwanci ne kawai, 'yancin faɗin albarkacin baki bai shafe shi ba. Jihohi da birane suna da nasu hukumomin tace finafinai, kowacce tana datse abin da bai yi mata ba. Kamfanonin suka ga gara su riƙe almakashin da hannunsu kafin gwamnatin tarayya ta karɓe shi.

Kundin bai ambaci maɗigo da suna ba. Jimla ɗaya ce gajera ta haramta abin da ya kira karkatacciyar sha'awa, tare da duk wata alama da za ta nuna ta. Nauyin yana kan batun alamar nan, domin kallo ko riƙe hannu ko wata magana mai harshen damo duk suna iya shiga ciki, gwargwadon yadda mai tacewa ya fahimta. Akwai kuma wata ƙa'ida a farkon kundin da ta ce kada fim ya sa mai kallo ya tausaya wa ɓangaren laifi ko zunubi. Wato ko an sami hanyar saka irin wannan mace a labari, ba a yarda ta fita da mutuncinta ba.

Shekaru huɗun farko ba a tsananta ba. Marlene Dietrich ta sumbaci wata mace a fim ɗin Morocco na 1930, Greta Garbo ma ta yi haka a Queen Christina na 1933. A 1934, bayan ƙungiyoyin Katolika sun yi barazanar ƙaurace wa sinima, aka buɗe ofishi na musamman ƙarƙashin Joseph Breen. Daga nan sai an kai rubutaccen labari an duba kafin a fara ɗauka, a sake duba fim ɗin bayan an gama, sannan a ba da takardar shaida. Wanda ya saki fim ba tare da ita ba zai biya tarar dala 25,000. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne, a lokacin manyan gidajen sinima mallakar waɗannan kamfanonin ne, kuma ba sa haska fim marar takarda.

Labarin The Children's Hour ya nuna yadda abin ke aiki. Wasan daɓe ne da Lillian Hellman ta rubuta a 1934, kan malamai mata biyu masu makarantar kwana ta 'yan mata, waɗanda wata ɗaliba ta yi musu ƙazafin suna soyayya da juna, rayuwarsu ta wargaje. Da darakta William Wyler ya mayar da shi fim a 1936, sai aka sauya ƙazafin ya koma cewa ɗaya tana neman saurayin ɗayar, har sunan wasan aka hana amfani da shi, aka kira fim ɗin These Three. Wyler ya sake yin sa a 1961 da Audrey Hepburn da Shirley MacLaine, shekarar da aka sassauta ƙa'idar aka ce ana iya taɓa batun idan an yi taka-tsantsan. A wannan karon ɗaya daga cikin malaman ta furta cewa lallai tana son abokiyarta, daga nan ta rataye kanta. Kashe kan da ta yi yana cikin wasan tun asali, sai dai a can da bindiga ta harbe kanta; mutuwar ce dai ta sa labarin ya zama irin wanda masu tacewa za su iya haɗiyewa.

A nan nake ganin babbar ɓarnar. Matar da ke ɗauke da irin wannan so a zuciyarta ta yi shekara talatin ba ta ganin kowa irinta a majigi, da aka fara nuna ta kuma sai a matsayin muguwa ko mai taɓin hankali ko gawa. Sauran masu kallo ma abin da suka koya ke nan, kuma marubuta sun ci gaba da kashe irin waɗannan mata a ƙarshen labari tun bayan da babu mai tilasta musu.

Ƙarfin kundin ya zube a hankali. A 1948 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya raba kamfanonin da gidajen sinimarsu, a 1952 kuma ta janye matsayinta na 1915, ta ce fim yana da kariyar tsarin mulki. Talabijin da finafinan Turai suka kwashe 'yan kallo. A watan Nuwamba na 1968 aka maye gurbin kundin da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo. Wata guda bayan haka The Killing of Sister George ya fito, labarin mata masu zaman soyayya da juna, aka buga masa harafin X, wanda ya hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga, kuma a lokacin jaridu da yawa ba sa karɓar tallan fim mai wannan harafi.