Kallon gari daga sama: tambayoyi da amsoshi kan gano gine-gine a hoton satalayit

Wai hoton nan da muke gani a Google Earth, kai tsaye ne?

A'a, ko kusa. Mutane da yawa suna ɗauka in suka buɗe za su ga wanda ke tsaye a ƙofar gidansu yanzu-yanzu, alhali abin da kake gani tsofaffin hotuna ne da aka ɗauka lokuta daban-daban aka jona su, wani wurin hoton watanni ne da suka wuce wani wurin kuma ya shekara biyu ko fiye. Shi ya sa za ka ga rabin gona kore shar rabi kuma ƙasa ja, ɗaya an ɗauka da damina ɗaya da rani, aka haɗa su a tsakiya. Duba ƙasan allon za ka ga kwanan watan da aka ɗauka.

Kuma ba Google ne yake da taurarin ɗan'adam (satalayit) da ke ɗaukar hotunan ba, saye yake daga kamfanoni irin su Airbus da Maxar (da ya koma Vantor a 2025), sai kuma hotunan taurarin Landsat na Amurka da yake aiki tun 1972. Ita kanta manhajar wani kamfani ne mai suna Keyhole ya ƙirƙire ta, Google ya saye shi a 2004 ya fito da ita da sabon suna a 2005.

To me ya sa wani garin yake fitowa tar, wani kuma dishi-dishi?

Maganar girman ɗigo ce. Kowane hoto ƙananan ɗige-ɗige ne, a Landsat ɗigo ɗaya yana cin mita 30 na ƙasa, a tauraron Sentinel-2 na Turai mita 10, shi kuwa tauraron WorldView-3 da aka harba a 2014 wajen santimita 31 ne. NigeriaSat-2 namu da aka harba a 2011 mita 2.5 yake gani. Da santimita 31 za ka ga mota za ka ga tankin ruwa a kan gini, amma fuskar mutum ko lambar mota sam babu. Manyan biranen Turai da Amurka da kake ganinsu kamar ka taɓa, yawancinsu ma daga jirgin sama aka ɗauke su ba daga tauraro ba.

Wannan ne ma amsar masu cewa ai da an so da an gano maɓoyar 'yan bindiga da Google kawai. Hoton bara ba zai nuna maka inda mutum ya kwana jiya ba, ga kuma bishiyoyi sun rufe.

Daga sama ai rufi kawai ake gani, ta yaya zan gane abin da nake kallo?

Nan ne daɗin abin yake wallahi, don ido ne ake koya wa. Abu na farko inuwa. Irin waɗannan taurarin yawanci da hantsi suke wucewa, wajen ƙarfe 10:30 na safe, saboda haka inuwa tana faɗuwa ta wajen yamma kuma ita ce za ta gaya maka tsayin abu. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, an fara gina masallacin tun 1515, amma in ka leƙo ta daga sama wani ɗan murabba'i ne kawai da za ka iya wuce shi ba ka lura ba, inuwarta da ta miƙe a kan gine-ginen da ke gefe ita ke tona ta. Haka dalar Giza ta Masar, babbar kowane gefe nata mita 230 ne, daga sama sai ka ga murabba'i da layi biyu sun gicciye a tsakiya, gefe ɗaya haske gefe ɗaya duhu.

Abu na biyu, kuma ni shi na fi so, alƙibla. Buɗe kowace unguwa a Kano ko Zinder ko Sakkwato, gidaje suna bin layin titi, sai ka ga wani gini ya ɗan karkace shi kaɗai ya fuskanci gabas da ɗan kwanciya zuwa arewa, ga wani ɗan ƙullutu ya fito a bangon gabas ɗin wato wurin tsayuwar liman, toh kusan ko yaushe masallaci ne ko da babu hasumiya babu ƙubba.

Sai launin rufi da tsarin layuka. Tsohon kwano mai tsatsa ja-ja ne, sabon kwano shuɗi ko ja mai sheƙi yana nuna sabuwar unguwa ko gidan da aka yi wa gyara. Kalli cikin birnin Kano, lunguna ne a murɗe gida manne da gida, matsa kaɗan zuwa Sabon Gari sai ka ga layuka a miƙe kamar an ja da rula, ka gangara Nasarawa kuma sai manyan filaye da bishiyoyi, tarihin garin ne gaba ɗaya a shimfiɗe tun daga zamanin sarakuna har zuwan Turawa.

Me ya sa dogayen gine-gine suke fitowa kamar za su faɗi?

Tauraron ba koyaushe yake saitin kan ginin daidai ba, daga gefe yake hangowa. Duba dogon benen agogon Makka mai mita 601, za ka ga kamar ya kwanta gefe guda. Tunda kana wajen ma ka matsa gabas kaɗan ka ga Mina, fararen tantuna jere reras sun cika kwarin, ga gadar Jamrat a bakinsu.

Wane wuri ne ya cancanci mutum ya nema wanda ba kowa ya sani ba?

Akwai ɗaya a Nijar cikin hamadar Tenere da duk wanda ya gani sai jikinsa ya yi sanyi. Ran 19 ga Satumba 1989 wani jirgin kamfanin UTA na Faransa ya taso daga Barazabil ya tsaya Njamena zai wuce Paris, bam ya tashi da shi a sama, mutum 170 da ke ciki babu wanda ya tsira. A 2007 iyalan mamatan tare da mutanen yankin suka kwaso baƙaƙen duwatsu a manyan motoci suka jera su da'ira mai faɗin wajen mita 60, suka bar siffar jirgin a tsakiya, suka kewaye da fasassun madubai 170, kowane ɗaya madadin rai ɗaya. Rubuta 16.8649, 11.9537 a wurin bincike zai kai ka. Rairayi yana ta binne shi sannu a hankali, don haka a tsofaffin hotuna ya fi fitowa.

Sai Richat a Muritaniya da ake ce wa Idon Sahara, zobe cikin zobe faɗinsa wajen kilomita 40. Za ka ji masu bidiyo suna cewa wani ɓataccen birni ne, babu hujja ko ɗaya, dutse ne ya kumburo daga ƙasa iska da ruwa suka zaizaye shi.

Ana gano sabon abu da gaske ko duk an riga an sani?

Ana ganowa. A 2005 wani ɗan Italiya Luca Mori yana kallon gonakin kusa da garinsu a yankin Parma ya ga wata siffa da ba ta yi kama da gona ba, aka je aka duba ashe kufan gidan Rumawa ne. A 2008 ma ta haka aka hango ramin Kamil a kudancin Masar, mai faɗin mita 45, inda dutse ya faɗo daga sama. Amma ka yi hattara da sunayen da ke manne a kan taswira, da yawansu mutane ne irinmu suka saka, wani daidai wani kuskure.

To mu nan gida me za mu yi da shi?

Ganuwa. Akwai maɓallin tsofaffin hotuna mai alamar agogo, a Google Earth Pro na kwamfuta da ya zama kyauta tun 2015, yanzu kuma har a waya akwai. Ka je Kano ka bi titin BUK daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya har Kabuga, ka ja shekarun baya ka dawo gaba a hankali, za ka ga badalar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta wajen shekara 900 da suka wuce, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, tana sirancewa tana yankewa gini yana hawa kanta, ga kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin birni a cikinsu ana cike su ɗaya bayan ɗaya, su ne kuwa suke shanye ruwan sama, shi ya sa in aka yi ruwa mai ƙarfi yake rasa inda za shi sai gidajen mutane. Abin yana min ciwo sosai, don a ƙasa ba ka lura, yau shago ɗaya ne gobe katanga ɗaya, sai ka haɗa hoton shekara 15 baya da na yau kake ganin girman ɓarnar. Zariya da Katsina ma ku duba naku, in kun ɗauki hoton allo ku tabbata kwanan watan ya fito a jiki don shi ne zai sa a yarda da ku in kun nuna wa mai unguwa ko hukumar kula da kayan tarihi.