Dokar Gane Na'urar da Ba Ta Canzawa da Lokaci

Ladan ya kira sallar asuba ta lasifika, da azahar ya dawo ya kira da murya iri ɗaya. Muddin babu wanda ya taɓa maɓallan amfilifaya, sautin da zai fita ɗaya ne. Irin wannan na'ura injiniyoyin lantarki ke cewa ba ta canzawa da lokaci, kuma doka guda suke gwada ta da ita: idan ka jinkirta abin da ka shigar da sakan 5, to abin da zai fito ma ya jinkirta da sakan 5 cif, siffarsa kuma ta zauna yadda take. In ya wuce haka ko ya kasa, na'urar ta faɗi.

Jinkiri ba shi da wuya. A ce x(t) ita ce sigina, wato abin da ake shigar wa na'ura kamar murya, t kuma lokaci ne. Idan aka rubuta x(t − 3), sigina ɗaya ce, sai dai ta makara da sakan 3. Da damina kowa na ganin wannan: sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, don haka tsawar da ta faɗi a nisan kilomita 1 sai bayan kimanin sakan 3 da walƙiya take isowa kunne. Alamar ragin nan ce ke ruɗa ɗalibai, su ɗauka sammako ne, alhali makara ce.

Matse sigina da miƙe ta su ne masu ƙura. Wanda ya taso da rikoda ya sani: kaset na gudun santimita 4.76 a sakan, amma da batir ya yi sanyi sai muryar mawaƙi ta ja, ta yi kauri kamar ta mai gyangyaɗi. An miƙe lokaci ke nan. In an ninka gudun, wato x(2t), waƙar minti 4 za ta ƙare a minti 2, kuma sautin da ke karkarwa sau 440 a sakan zai koma 880, murya ta tashi siririya. Kada a kawo misalin saƙon murya na WhatsApp, domin shi in ka ninka gudunsa manhajar na gyara kaurin muryar, ba matsewa ce zalla ba.

To, na'urar da ke ninka gudu ta cika dokar? Ba ta cika ba. Ka bar shiru na sakan 4 a farkon kaset kafin magana ta fara. In an kunna da ninkin gudu, shirun zai koma sakan 2. Ka jinkirta da 4, ta ba ka 2. Na'urar jinkiri kuwa, ko da ta sakan 100 ce, ta tsallake, domin duk abin da ka ba ta a makare haka za ta mayar maka, da ƙarin jinkirinta wanda ba ya sauyawa.

A ganina inda aka fi zubar da maki a jarrabawa shi ne x(2t − 6). Ɗalibi zai matse sigina da 2, sannan ya tura ta da 6, ya zana kuskure. In da jinkiri ka fara, ka tura da 6 sannan ka matse. In da matsewa ka fara, turawar 3 ce kawai, domin 2t − 6 daidai yake da 2(t − 3).