Taki a bakin rijiya da gubar da ke kwance a ƙasa

Sau da yawa in aikin wayar da kai ya kai ni garaken Mirriya ko fadamun Korama wajen Matamaye, abu ɗaya nake tararwa: ga rijiya, ga tulin taki jingine da ita, ga bisashe suna kashi a cikin taɓon bakinta. In na yi magana sai a ce, "Malama, ai muna sa jabel." Gaskiya ne, jabel, wato maganin kulorin da ake ɗigawa a ruwa, na kashe ƙwayoyin zawo da kwalara. Amma akwai gubar da ba ruwanta da jabel, sunanta arsenik. Ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano, tafasa ruwa ma ba ya fitar da ita.

Ba takin ne ke ɗauke da ita ba. A wasu wurare tun asali tana nan kwance a ƙarƙashin ƙasa, manne da tsatsar ƙarfe, irin jan nan da ke jikin yashi da laka. Muddin tsatsar na riƙe da ita, ruwa lafiya lau. To idan ruɓaɓɓen abu ya tsiyaya ƙasa, ko kashin dabbobi, ko ruwan salga, ko ganyen da ya ruɓe a gindin tabki, ƙananan halittun ƙasa sun samu abinci ke nan. Suna ci suna shanye iskar da ke cikin ruwan. Da iskar ta ƙare sai su koma kan tsatsar su narkar da ita, ita kuwa ta saki gubar cikin ruwan da guga zai ɗebo. Wani ruɓin ma ya daɗe binne a laka tun kafin kakanninmu, wannan ba mu da iko a kansa. Wanda muke zubawa da hannunmu shi ne namu.

Haka ta faru a Bangaladash. An haƙa miliyoyin fanfunan tuƙa-tuƙa don kuɓutar da yara daga zawo, sai a 1993 aka tabbatar akwai arsenik a ruwan, har aka riƙa shafa wa fanfo mai guba jan fenti, mai kyau kore. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a maikirogiram 10 cikin lita ɗaya (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ciwon ba ya gaggawa: sai an yi kamar shekara 5 ana sha kafin tabo ya fito a fata, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya ya iya zama kansar fata, ko ta mafitsara, ko ta huhu. Mu da muka san illar da ruwan garin Tibiri na jihar Maradi ya yi wa ƙasusuwan yara, ko da yake can sinadarin fulorayid ne, bai kamata mu yarda da ruwa don ya yi garau ba.

Na san wahalar ruwa a Damagaram, ba zan ce a bar rijiya ba. Roƙona, iyayena, a janye taki, garke da salga nesa da ita, aƙalla mita 30, a ɗaure bakinta da siminti. In kuma ruwa ya fito garau, ya kwana a randa ya yi ja-ja ko yana ƙarnin ƙarfe, alama ce ƙarfe ya narke a ciki. Kwamitin rijiya ya sanar da ma'aikatar ruwa, ya nemi a auna ruwan, kuma a ambaci arsenik da sunanta cikin abin da za a duba.