Tayar linzamin kwamfuta a kan laftof mai faifan taɓi

Tayar linzami ita ce 'yar ƙaramar tayar da ke tsakanin maɓallai biyu na linzamin kwamfuta, wanda ake kira maus, da ita ake gungura shafi sama da ƙasa. Ta fara yaɗuwa ne da linzamin IntelliMouse na kamfanin Microsoft a 1996. A Windows, kowane ɗan tsalle na tayar yakan gungura layi uku, sai in mai kwamfuta ya canja.

Matsalar da masu laftof suka daɗe suna fama da ita ita ce: a jona linzami daga waje, kibiya ta yi tafiya, maɓallai su yi aiki, amma taya ta ƙi motsa shafi. Sau da yawa linzamin lafiyarsa ƙalau, harshen da yake magana da kwamfuta ne ba a fahimta ba.

Asalin abin daga tashar PS/2 yake, wato kafar jona linzami a jikin kwamfuta, wadda IBM ta fito da ita a 1987. Linzamin PS/2 na asali yana aika saƙo bayit (ƙaramin ma'aunin bayanai) uku-uku: ɗaya na maɓallai, biyu na motsi. Babu gurbin taya. Microsoft ta ƙara bayit na huɗu, amma linzamin ba ya fara aika shi sai manhajar sarrafawa ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ta wata hanya: ta saita saurin rahoto zuwa 200, sannan 100, sannan 80. Daga nan linzamin yakan bayyana kansa da lamba 3 maimakon 0. A tsofaffin laftof da dama, faifan taɓi (wurin da ake shafawa da yatsa don motsa kibiya) da linzamin waje hanya ɗaya suke bi zuwa cikin kwamfuta, kuma na'urar da ke haɗa su takan riƙe tsarin bayit uku, sai na huɗun ya ɓace a hanya. Shi ya sa maganin da aka fi sani a lokacin shi ne kashe faifan taɓi daga BIOS, wato saitin tushe na kwamfuta, ko komawa linzamin USB, wanda ke da tasa hanyar daban.

A Linux akwai ƙarin mataki. Tsarin X, manhajar da ke kula da allo da linzami, yana ɗaukar taya a matsayin maɓalli na 4 da na 5, don haka a da sai an rubuta "IMPS/2" a matsayin harshen linzamin, a ƙara ZAxisMapping "4 5", kuma a ba faifan taɓi nasa sashe a fayil ɗin saiti. Linux 2.6 na 2003 ya sauƙaƙa wannan, domin fayil ɗin /dev/input/mice yana tattara duk linzamai wuri guda. Yau manhajar libinput ke gane kowace na'ura da kanta, kuma wannan ci gaba ne na gaske ga wanda ba ya son taɓa fayil.

Idan taya ta ƙi aiki a laftof na zamani, a fara da gwajin xev ko evtest, manhajojin Linux da ke nuna saƙon da linzami ke aikowa. In ana juya ta ba a ga komai, mai yiwuwa laifin daga na'urar ne. In kuma shafi na tsalle baya ana gungura shi gaba, sau da yawa ƙura ce ta shiga ɗan ma'aunin da ke ƙirga juyin tayar. Busa iska ko ɗigon sinadarin goge lantarki yakan gyara shi.